Ƙwan Lantarki Goma Sha Takwas da Kawu Bai Kunna Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, damina tana tsakiya, bayan jinyar da ko sati ba ta kai ba. Ni ban samu jana'izarsa ba. Ina tasha a Kano ina yi wa mota lodi, wani direba ɗan garinmu ya leƙo ta taga ya ce min, "Kai, kana nan? Ai jiya aka binne kawunka." Haka ya faɗa min, kamar mai cewa taya ta yi faci. Na hau motar Birnin Kudu, daga can na samu akori-kura mai zuwa Gwaram, sauran hanyar zuwa ƙauyenmu da ke wajen Farin Dutse kuwa da ƙafa na ƙarasa.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Mutane suna zuwa daga gona, su jingina fartanya da katanga, su wanke laka a ƙafa, su zauna a yi fatiha. Wani tsoho ya ce sau uku Kawu yana tayar masa da rediyonsa daga mutuwa. Ladan, abokinsa tun suna yara, sai share ido yake da hannun riga. Daga cikin gida kana jin mata suna ba Inna, matar Kawu, haƙuri. Babana yana gefe da carbi, ya amsa gaisuwata ya nuna min wurin zama kusa da shi.

Can sai ga Alhaji, wanda ya saya wa masallacin garinmu injin wuta. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Tsufa ne kawai ya ɗan taɓa masa lissafi a ƙarshe, wannan kuwa ba laifin mutum ba ne. Ba don wannan yaron ba," ya nuno ni da baki, "da tuni injin nan ya zama gawayi."

Aka ce, "Haka ne, haka ne. Allah ya yi maka albarka."

Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka kukan rashi nake yi. Wallahi ba shi ba ne, ko kuma in ce ba shi kaɗai ba ne. Dalilin wannan maganar ta Alhaji na zauna nake rubutun nan, ni da ban iya zama ba. Ina so duk wanda ya taɓa jin an ce lissafin Kawu ya kuskure ya ji yadda abin ya faru.

Kawu ɗan gidan malamai ne. Ubansa shi ke raba gado a yankinmu, kuma a gabansa Kawu ya koyi hisabi tun kafin ya yi gemu. Gab da samun 'yancin kai ya bi masu kafa turakun waya a matsayin lebura, ya riƙa leƙen hannunsu har ya iya aikin, daga baya aka ajiye shi a wani ɗakin injin wuta a Birnin Kudu. Ya yi shekaru a can kafin ya ajiye aiki ya dawo gida. Bai taɓa shiga ajin boko ba. In zai yi lissafi sai ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya rubuta lambobi irin na allo, yana motsa baki. Kafin kai mai biro ka gama neman takarda, ya miƙe yana kaɗe hannu.

Yana da halaye da har yanzu nake ganinsu a idona. In zai taɓa waya, hannun hagu yana cikin aljihu, ko da an rantse masa babu wuta a jiki. In aka kawo masa ƙwan lantarkin da ya daina kamawa, sai ya kai shi kunne ya ɗan girgiza, in ya ji zaren ciki yana ƙara sai ya ce, "Wannan ya riga mu gidan gaskiya." Kuma yana da wata magana da ba ta barin bakinsa: "A kunna tukuna." Ka yabi sabon rediyo, a kunna tukuna. Ka ce wane ya sayo tocila mai haska har bakin rafi, a kunna tukuna. Inna ta taɓa ce masa, "Malam, kai ko tuwo aka kawo maka sai ka ce a kunna tukuna." Ya ce, "To ai naki ma sai an ɗanɗana ake sani." Ta ɗauke kwanon, sai da ya ba ta haƙuri.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da zuciya, kuma magana ɗaya yake yi. In ya faɗa ba ka ɗauka ba, shi ke nan, ba zai maimaita ba ko za ka faɗa rijiya. Ya taɓa yin wata guda ba ya shan shayi a wurin mai shayin bakin kasuwa don kawai mutumin ya yi masa musu a kan batirin da ya fi daɗewa.

Ni kuwa a aji biyu na sakandare na bar makaranta a Birnin Kudu. Ba wanda ya kore ni. Zaman benci ne ba na iyawa, in malami yana magana ƙafata sai ta riƙa rawa, in na ji ƙarar mota a titi hankalina ya bi ta. Wata safiya na ɗaure akwatina na dawo gida. Babana bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Daina amsa gaisuwata ya yi. In na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana," sai ya juya ya tambayi ƙanena ko an ba akuya dusa. Wata bakwai muna haka.

A cikin watannin nan ne Kawu ya zo ya same ni a zaure ina kwance da rana tsaka. Ya tsaya a kaina ya ce, "Sarkin yawo, tashi. Tunda ka ƙi riƙe biro, zo ka riƙe filaya." Bai tambaye ni dalilin barin makaranta ba, ranar ko bayanta. Ya koya min fere waya ba tare da na yanke gashinta ba, ya koya min ɗaura makunni. Har mitarsa ya bar ni ina taɓawa, wata baƙar na'ura mai allura da yake naɗewa a tsohon rawani, wadda ko Inna ba ta isa ta matsar da ita ba. Ita ke nuna ƙarfin wuta, da yawan wutar da ke wucewa, da turjiyar waya, wato yadda waya ke hana wuta wucewa ta cikinta.

To a shekarun nan ne kuɗin man fetur ya fara shigowa har ƙauye. Alhaji ya samu kwangilar gini a birni, ya dawo da inji sabo fil a bayan mota, mai ɗaukar wat dubu biyu a ma'aunin cin wuta, ya ce sadaka ce ga masallaci. Aka gina masa ɗan ɗaki a baya, aka ba Kawu makulli. Shirin Kawu ƙwai ashirin ne, layi huɗu, kowane layi biyar da makunninsa. Layi ɗaya cikin masallaci, ɗaya a harabar da magidanta ke ɗaukar karatu tsakanin magariba da lisha in sun dawo gona, ɗaya a hanya, na ƙarshen kuma ya tsallaka katanga zuwa tsakar gidan Liman, inda matan aure ke nasu karatun da fitilar aci-bal-bal. Inna tana cikinsu, ta kusa kai izu goma, kuma kullum tana kukan hayaƙi yana cinye mata ido. Sati biyu muka yi muna jan waya. Kawu ya sayo ƙwan a kwali daga Birnin Kudu.

Ana gobe za a kunna, Kawu ya tafi duba gonarsa, ni kuma na buɗe rawanin nan ba da izininsa ba. Na ɗauko ƙwai ɗaya daga kwali, na ɗora masa wayoyin mita don in auna turjiyarsa. Allura ta tsaya a kan sittin da huɗu. Akwai abu ɗaya da ya maƙale min a ka daga makaranta: in kana son sanin wutar da abu ke ci, ka ninka ƙarfin wuta da kansa, ka raba da turjiya. Na ɗauki biro, na san ƙarfin wutar injin ɗari biyu da arba'in ne. Ɗari biyu da arba'in sau ɗari biyu da arba'in, dubu hamsin da bakwai da ɗari shida. Na raba da sittin da huɗu. Ɗari tara cif.

Na sake yi, ɗari tara. Na gwada wani ƙwan, kusan haka. Wato kowane ƙwai wat ɗari tara yake ci, injin dubu biyu kuwa biyu kawai zai ɗauka, Kawu kuma yana shirin ɗora masa ashirin.

Abin da ya kamata in yi kowa ya sani. Gonar Kawu ba ta fi tafiyar shan rake ɗaya ba. Amma ni ba tsoron ƙonewar inji ne ya fara zo min ba, in faɗi gaskiya. Daɗi na ji. Na ce yau za a san ɗan aji biyu ma ya san wani abu.

Bayan la'asar dattawa suna zaune a harabar masallaci, Liman, Alhaji, Ladan, babana, da Kawu da ya dawo da ƙurar gona a ƙafa. Na zo da mita a hannu da takarda. Ko sallamar kirki ban yi ba.

Na ce, "Alhaji, in aka kunna ƙwan nan ashirin gobe, injinka zai ƙone."

Alhaji ya zabura. "Wa ya ce?"

"Na'ura ce ta ce. Ga shi." Na ɗora wayoyi a kan ƙwai a gabansu, allura ta motsa, duk suka miƙo wuya. Na karanto musu lissafin, ina sa Turanci a inda Hausa ma ta isa.

Kawu ya dubi mitarsa a hannuna, ya dubi rawanin da na yar a ƙasa. Ya karɓi ƙwan ya nuna rubutun da ke kansa. "Sarkin yawo, karanta nan. Me aka rubuta?"

"Sittin."

"To sittin yake ci. Ashirin ɗinsu dubu da metan. Injin ko gumi ba zai yi ba."

Na ce, "Wannan rubutun kamfani ne, Kawu, hasken suke nufi, don a saya. Abin da yake ci ga shi na'ura ta nuna." Ban san inda na samo wannan ba. A take na ƙirƙira.

Ya tsuguna ya share ƙasa zai rubuta. Nan ne na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta ba. Na ce, "Kawu, wannan fa ba rabon gado ba ne. Lissafin lantarki ba a yin sa da tsinke."

Wani ya yi dariya. Kawu ya tsaya da tsinken a hannu. Ya ce, "Alhaji, a kunna tukuna."

Alhaji ya ce, "A kunna? A kan injina za a yi gwaji? In ya ƙone, da tsinken za ka ɗinke min shi? A'a, Malam. Yaron nan da na'ura ya auna, mun gani da idonmu."

A lokacin na dubi babana. Yana kallona, bakinsa da ɗan murmushi. Wata bakwai rabon da ya dube ni. Ya ce wa Liman, a hankali amma kowa ya ji, "Ashe dai bokon bai tafi a banza ba."

Kawu ma ya ji, kuma ya ga fuskar. Ya daɗe yana kallon babana. Sai ya ajiye tsinken, ya miƙe, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Ladan. Ya ɗauki rawaninsa ya kaɗe, ya karɓi mitarsa ya naɗe, ya saɓa kwalin ƙwai a kafaɗa bayan ya ajiye musu biyu. Aka ɗaura ɗaya a cikin masallaci, ɗaya a ƙofa.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakin inji shi da Ladan, wanda Kawu ya roƙa ya tayar masa da injin na ɗan lokaci. Na shiga ina shirin faɗa. Ba faɗa ya kira ni ba.

Ya ce, "Zauna. Auna wannan ƙwan."

Na auna. "Sittin da huɗu."

"Taɓa shi. Da zafi?"

"Da sanyi."

"To riƙe wannan a ranka."

Ya juya mitar zuwa wajen auna yawan wutar da ke wucewa, ya saka ta a tsakanin waya da ƙwai, hannun hagu a aljihu, ya yi bismilla ya kunna. Allura ta yi tsalle ta dawo ta zauna.

"Nawa?"

Na duba. "Rubu'in am," wato ma'aunin yawan wutar.

"Metan da arba'in, ka ɗauki rubu'insa."

"Sittin."

"Ban ji ba, injin yana ƙara."

"Sittin, Kawu."

Ya tsuguna a ƙasar ɗakin, ya share, ya ɗauki tsinke. Wannan karon na tsuguna kusa da shi ina kallo. Ya ce, "Dokar da aka koya maka gaskiya ce, ban ce ƙarya ba ce. Amma zaren nan na cikin ƙwai, in yana sanyi turjiyarsa kaɗan ce. Da wuta ta shige shi ya yi ja ya yi fari, sai turjiyar ta hau. Raba metan da arba'in da rubu'i, ka ga ɗari tara da sittin. Ninki goma sha biyar ke nan na abin da ka auna. Yanzu ɗauki dubu hamsin da bakwai da ɗari shidan taka ka raba da wannan." Ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Sittin.

Ya ce, "Ɗari tarar taka tana nan, amma ta ƙiftawar ido ce, lokacin da aka danna makunni kafin zaren ya yi zafi. Shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa a daidai kunnawa. Shi ya sa kuma na raba su layi huɗu, don kada su faɗa wa injin gaba ɗaya suna sanyi. Ka ɗauka ado na yi?"

Ladan yana tsaye yana kallonmu, bai gane komai ba, ya ce, "To wa ya ci?"

Kawu ya ce, "Ba kokawa muke ba. Kashe injin."

Da muka fito ya riƙe min hannu a bayan masallaci. Ya ce, "In ni na je na nuna musu wannan, an gama da kai a garin nan, kuma ubanka zai koma tambayar akuya. In kai ka je da bakinka ka ce ka yi kuskure, za su yi maka dariyar kwana biyu, shi kuma zai ji haushi ya huce, don ya haifi mai iya faɗin gaskiya. Saboda haka ni ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa."

Na ce, "To, Kawu. Gobe."

"Gobe," ya ce. Ya sake ni.

Goben nan ta zo, babana ya kira ni muka ci tuwo a kwano ɗaya. Jibi wani ya kawo min tocilarsa gyara, ya wuce ƙofar Kawu ya zo wurina. Yara suka fara kirana Injiniya. Kullum in na yi niyya sai in ce bari a idar da sallah, in an idar in ce bari mutane su ragu. Kwana goma sha biyu na yi ina haka, rana ta sha uku na hau motar gyaɗa na gudu Kano. Daga Kano Kaduna, daga Kaduna Jos, na yi kwandasta, na yi gadi, na yi tallan batir. Mutane suka ce ƙafar yawon ce ta motsa. Ba ita ba ce. Ƙofar gidan Kawu ce ba na iya wucewa.

Shekara uku garinmu yana da injin da zai haska ƙwai ashirin, yana haska biyu. Magidanta suna cunkushewa a ƙofar masallaci suna karkata littafi wajen haske. Na ji an ce wani malamin asibiti da ya zo yin allura ya ce injin zai ɗauki fiye da haka, Alhaji ya ce masa, "An auna da na'ura a gabanmu, Malam, yi allurarka." Mutane suka rage kai wa Kawu gyara. A bayan idonsa ana cewa kansa ya fara tsufa.

Sau ɗaya na zo gida a tsakani, da babbar sallah. Na yi ta kauce masa har ya ritsa ni a bakin rijiya. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Na durƙusa, ya amsa da fara'a, ya tambayi Jos da sanyinta, ya ce in na koma in nemo masa ƙaramar filaya mai dogon baki. Har ya juya sai ya waiwayo ya ce, "Sarkin yawo, goben nan taka tana da nisa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Filayar ma ban sayo ba.

To wannan ne a cikina ranar da Alhaji ya nuno ni a zaman makoki ana sa min albarka.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, an gama addu'a an fara rabon gumba, na miƙe. Na ce, "Malam Liman, ina da magana a kan mamaci."

Liman ya ce, "Faɗi, ɗana."

Na faɗa. Ban sa Turanci ko ɗaya ba. Na ce ƙwai mai sanyi na auna, na ce tun washegari Kawu ya nuna min kuskurena a gaban Ladan, na ce shekara uku na sani na yi shiru. Na tsuguna na share ƙasa, na nemi tsinke na yi musu lissafin duka biyun, na sanyi da na zafi.

Ladan ne ya fara magana. "Wallahi na ga allurar nan ranar. Na tambaye su wa ya ci. Ashe shi ya ci ya ƙi faɗa."

Alhaji ya cire hula ya mayar. "Kai! Kai yaro! Shekara uku ina zuba wa inji mai don ƙwai biyu? Shekara uku ina cewa bawan Allah ya rikice? Shekaranjiya ma a nan na faɗa, a kan tabarmar makokinsa!"

Na ce, "Laifina ne, Alhaji."

"Ai na san laifinka ne, wa ya ce na liman ne?"

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Da nawa a ciki. Ni ban gane lissafin nan ba waccan rana, yau ma ban gane ba. Abin da na gani shi ne lambobin yaro irin na takardar gwamnati ne, na Malam kuma irin na allonmu. Sai muka bi na gwamnati. Mutumin da ubansa ya raba mana gado shekara da shekaru ba a taɓa dawowa da ƙara ba." Ya juya ga jama'a. "Duk wanda ya taɓa cewa kan Malam ya taɓu, ya nema masa gafara, ya nema wa kansa."

Ni babana nake kallo. Bai dube ni ba. Ya tattara carbinsa, ya sa takalmi, ya shige gidan Kawu. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya, kuma wannan karon na cancanta.

Sai ga shi ya fito da tsanin Kawu a kafaɗa. Ya wuce ta gabana ya jingina shi da bangon masallaci, ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu. Ya tsaya kawai yana jira.

Na shiga cikin gida wajen Inna. Tana zaune a ɗaki cikin takaba, labari ya riga ni isa. Ban buɗe baki ba ta nuna ƙarƙashin gado da ƙafa. Na jawo kwalin. Ƙwai goma sha takwas, kowanne a cikin takardarsa, babu ƙura ko kaɗan, mitar kuma tana kai a naɗe cikin rawani.

Ta ce, "Duk Juma'a sai ya jawo shi ya goge. Na ce masa ya sayar, ya ce mai su zai zo."

Na ce, "Inna, ki yafe min."

Ta dube ni da idanun nan da hayaƙi ya mayar ja. Ta ce, "Shi ya yafe maka tun a bayan masallaci, ya faɗa min. Ni ban yafe ba tukuna. Je ka yi aikinka."

Daga nan har rana ta yi ja ina kan tsani. Wayoyin Kawu suna nan yadda ya ja su, ko ɗaya bai saki ba, sai dai zanzaro ya yi gini a cikin mazaunin ƙwan, na riƙa ƙwaƙule laka da tsinke. Duk inda na matsa, babana ya ɗauki tsani ya bi ni. Da aka kira magariba Ladan ya ja igiyar inji. Na sa hannun hagu a aljihu, na yi bismilla, na danna makunnin farko. Muryar injin ta ɗan sauka ta dawo daidai. Na jira, na danna na biyu, sannan na uku. Da na danna na huɗu sai muka ji guɗa ta tashi daga gidan Liman, wata kuma ta tsawatar, "Ke, makoki ake!" Injin yana ta aikinsa, ko gumi bai yi ba.

Alhaji ya zagaya ɗakin injin sau biyu yana shinshina ko zai ji ƙauri. Babana ya kwantar da tsani a gindin bango, ya ce min, "Ka mayar masa da shi inda yake ajiyewa." Ita ce maganar da ya yi min ranar, kuma na gode da ita.

Yau kwana goma sha ɗaya ina gari, ban taɓa daɗewa haka ba tun da na tafi. Ladan ya ba ni makullin, na ce ya riƙe, ni dai zan riƙa kunnawa. Kullum da safe ina zuwa gaishe da Inna, tana amsawa, ba ta ƙara komai. Hasken gidan Liman yana tsallako katanga ya faɗo tsakar gidanta, amma har yanzu tana kunna aci-bal-bal ɗinta a ɗaki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zuciyarsa da taurin kansa, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya so haskaka mana gari muka hana shi. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha. Kuma in ka taɓa ji a Gwaram ko a Birnin Kudu ana cewa wani tsoho mai lissafi da tsinke ya kusa ƙona injin masallaci, don Allah ka gyara musu. Ni ne na auna ƙwan yana sanyi. Sittin yake ci, yadda Kawu ya faɗa.